Sai da Yardar Mai Jiki

A gidan likita na Bazaga, kamar sauran na jihar Tawa a Nijar, da Faransanci ake rubuta takardun aiki. Yawancin masu zuwa daga ƙauyuka ba su karanta shi. In majo ya miƙo takarda ya ce a dangwala yatsa, sai a dangwala, don kunya ko don tsoro. Wannan darasi naku ne, ma'aikatan lafiya: majo, ungozoma, da masu zagaya gidaje suna faɗakarwa.

Ku ji abin da ya faru a Kano. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya yi gwajin sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa a gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka daɗe ana shari'a. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 na Amurka. Har yau in an zo rigakafi, akwai iyayen da ke tuna wannan labari, su ɓoye 'ya'yansu a ɗaka.

Saboda haka, kafin allura ko tiyata ko ɗibar jini, a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji. A faɗa masa ciwon, da maganin, da abin da maganin kan jawo. A bar shi ya yi tambaya. In Bafillace ne ko Buzu, a nemo tafinta. Baligi mai hankali yana da ikon ya ce a'a. Yaro kuwa, iyayensa ake tambaya. In rai na hannun Allah, mutum ya suma, ba a jira takarda, ceto ake farawa da shi.

Ga kuma sirri. Bazaga ƙaramin wuri ne, kowa ya san kowa. Abin da mace ta faɗa a ɗakin awo, kada a ji shi a bakin rijiya. Dokar Nijar ta hana tona asirin mai ɗauke da cutar sida. Ni a ganina, ko ciwon kai ne, amana ce.

Ga kuma batun kuɗi. Tun 2005 tiyatar haihuwa kyauta ce a asibitocin gwamnatin Nijar. Tun 2006 aka ƙara da awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ku riƙa faɗa wa mutane, don akwai wanda bai sani ba.

Ga yadda ya dace a yi. Dattijo ya kawo 'yarsa, naƙuda ta yi tsawo. Ungozoma ta ja su gefe, ta sassauta murya, ta dubi mai naƙudar.

"Ƙanwata, jaririn ya kwanta a gicciye. Sai mun tura ki Birnin Ƙonni, mai yiwuwa a yi aiki. Kin yarda?"

Ta gyaɗa kai, ta ce ta yarda.

Dattijon ya ce, "'Yata, wannan takardar fa, me ta ce?"

"Zauna, Baba, in karanta muku da Hausa tukuna."