Ciyar da Yaro Bayan Mutuwar Aure: Ina Ake Zuwa, Wa Ake Gani?

Darasin yau a kan abin da kowa ya taɓa gani ne a unguwarsu. Aure ya mutu, mace ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta, ga goyo a baya, ga wani a hannu. Watan fari uban yara ya aiko da tiya biyu ta hatsi. Wata na biyu bai aiko da kome ba, daga nan kuma shiru. In aka ce ta kai ƙara sai ta ce: "Ni ba na kai uban 'ya'yana jastis, na bar shi da Allah." Kunya ce da kara, kuma halin kirki ne a wurinsa. Sai dai abincin nan ba na uwar ba ne balle ta yafe. Haƙƙin yaro ne, shi kuwa yaro ba ya da bakin da zai nema da kansa.

Mu mutanen Matamaye da kewayen Kance mun san inda wahala take kai uwa mai 'ya'ya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma da yawansu daga wannan yanki namu suka tashi. Dalilan tafiyar suna da yawa, akwai talauci, akwai ƙarancin gona. Amma duk macen da aka sakar wa nauyin yara ita kaɗai, an tura ta bakin irin wannan hanya.

Abin da addini da doka suka ce

Alƙur'ani ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, gwargwadon ƙarfinsa. Mai son ya duba, ya tambayi malam aya ta 233 a Suratul Baƙara, da aya ta 6 da ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga ya iya nema, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Saki ba ya ɗauke wannan nauyi. Riƙon yaro kuwa, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya ba uwa gaba, in ta yi wani aure ya koma hannun kakar yaro ta wajen uwa. Al'ada ta saɓa da wannan a wurare da yawa, inda ake cewa yaro ya kai shekara bakwai ya koma gidan uba. Ko a hannun wa yaro yake, cinsa da suturarsa da maganinsa suna wuyan uba.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An gwada kawo shi, gwajin 2011 ma bai kai ga nasara ba. Saboda haka dokar tsarin kotuna ta 1 ga Yuni 2018, wadda ta gaji ta 2004, ta bar alƙali ya yi hukunci da al'adar masu shari'a a kan aure da saki da nasaba da gado, muddin al'adar ba ta karya dokar ƙasa da yarjeniyoyin da ƙasa ta amince da su ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Nijar ta shiga a 1990.

Daga zaure zuwa kotu

Ba da kotu ake farawa ba. A fara da waliyyai da dattawan gida biyu, a sa liman a ciki. In ta gagara, a je wurin mai unguwa ko mai gari, daga nan fadar sarki. Dokar sarauta ta 2015 ta ba sarakuna ikon sulhu. Aikinsu su sasanta, su rubuta abin da aka yi a takarda, ko an shirya ko ba a shirya ba.

'Yar'uwa, a nan ne karatunki zai fara yi miki rana. Kada ki tashi daga fada sai an rubuta nawa za a bayar, kuɗi ne ko hatsi, a wace rana ta wata, kuma a hannun wa. Ki sa a karanta miki, ki duba lambobin da idonki kafin ki sa hannu ko ki dangwala yatsa. "Zan riƙa aikowa" ba alkawari ba ne da alƙali zai iya kamawa. "Jika 10 kowane ƙarshen wata" shi ne abin kamawa.

In sulhu ya ƙi, akwai kotu a nan Matamaye, ba sai an je Damagaram ba. Ki riƙe takardar fada, da takardar saki in akwai, da takardar haihuwar kowane yaro. Wannan ta ƙarshe ita ce mutane suka fi sakaci da ita, ita ce kuma take nuna sunan uba. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, a likita ko a wurin da meri ta ajiye mai rubutawa, kuma kyauta ne. In kwanakin suka wuce, sai alƙali ya yi hukuncin da zai maye gurbinta. Wani lokaci kotu takan fita ƙauyuka don wannan aiki. Duk ranar da kuka ji sanarwa a rediyo ko bakin mai shela, ku kai yaranku.

Mutanen da za ki tarar a ciki

Na farko shi ne magatakardan kotu, wanda ake ce wa girefiye. Shi ke karɓar ƙara, ya shigar da ita a littafi, ya ba da rana, ya fitar da sammaci. Ranar zama shi ke rubuta abin da kowa ya faɗa, kuma a hannunsa za ki karɓi takardar hukunci. In an ce ki biya wani kuɗi, ki nemi rasit.

Sai alƙali. Shi ma yakan fara da neman sulhu. In bai samu ba, ya saurari kowa: yara nawa ne, shekarunsu nawa, suna lakwal ko makarantar allo, akwai mai ciwo, mene ne sana'ar uban, mata nawa gare shi, me yake nomawa. Babu adadi ɗaya da aka yanka wa kowa. Alƙali yana auna bukatar yaro da ƙarfin uba, shi ya sa abin da aka yanka wa ɗan kasuwa ya bambanta da na mai turin amalanke. Haka kuma in miji ne ya zo da kansa don a tabbatar da sakin da ya yi, alƙali yana duba batun riƙon yara da ciyar da su da kuɗin makarantarsu a lokacin.

A gefen alƙali za ki ga dattawa biyu zaune. Su ne asesar, masana al'adar masu shari'a, yawanci malamai ne. Alƙali zai iya zama mutumin Tilaberi ko Difa da aka turo aiki, bai tashi cikin al'adarmu ba, sai su faɗa masa yadda take. Shawara suke bayarwa, hukunci na alƙali ne. A ganina wannan kujera tana da nauyin da mutane ba su lura da shi ba. Asesar mai tsoron Allah, wanda ya san bambancin abin da littafi ya ce da abin da maza suka saba yi don ya yi musu daɗi, yana iya ceton yara da yawa.

Kada Faransanci ya tsorata ki. Takardun kotu da shi ake rubuta su, amma ki yi maganarki da Hausa, a fassara. A 2025 ma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wanda hukunci bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Damagaram, kuma akwai wa'adi, don haka a tambayi magatakarda tun ranar da aka yanke.

Lauya fa? Ba dole ba ne a irin wannan shari'a, kuma yawancin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Don haka dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ, mai taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a. Tana da ofis a manyan kotunan jihohi, har da ta Damagaram. Macen da take neman ciyar da 'ya'yanta, ko riƙonsu, ko rabon gado, tana cikin waɗanda dokar ta ce a taimaka musu kyauta. Ƙungiyoyi irin su ANDDH ta kare haƙƙin ɗan'adam da AFJN ta mata masana shari'a su ma suna wayar da kai, suna horar da mutanen gari su zama masu nuna hanya.

In uba ya ƙi biya

Samun hukunci rabin aiki ne. In uba ya ƙi bin sa, akwai wisiye, ma'aikacin da doka ta ba ikon zartar da hukunci. Yana kai wa mutum takarda, in ta kama ya riƙe dukiyarsa. Mai albashi ya fi sauƙi, don ana iya cirewa daga albashinsa kafin ya shigo hannunsa. Dokar laifuka kuma ta ɗauki watsar da iyali da gangan a matsayin laifi.

Wuyar tana ga ɗan cin rani, wanda ya ƙetare Ɗan Barto ya nufi Daura ko Kano, ko ya yi arewa wajen haƙar zinariya. Hukuncin Matamaye ba ya bin mutum cikin wata ƙasa kai tsaye. A nan sulhun dangi ya fi amfani, a sa wansa ko mahaifinsa ya tsaya masa.

Malam uban yara, kai ma darasin nan naka ne. In ka aika kuɗi ta Nita ko Amana, ka adana rasit. In hatsi ka kai, ka kai gaban shaida. In damina ta ƙi, ko ciwo ya kwantar da kai, kada ka ɓuya: ka koma wurin alƙali ka faɗi halinka, yana da ikon ragewa, kamar yadda yake da ikon ƙarawa in yaro ya girma bukata ta ƙaru. Fushin da kake yi da uwar kada ya sauka a kan cikin ɗanka.

Ayyukan nan 'ya'yanmu ma suna iyawa

Alƙali da magatakarda da lauya da wisiye duk a aji ɗaya na firamare suka fara. Mai son alƙalanci sai ya sami bak, ya karanta shari'a a jami'a, kamar ta Abdu Mumuni a Yamai ko ta Tawa, ya ci jarrabawar shiga, sannan ya yi horo a makarantar ma'aikatan shari'a ta ƙasa, EFJN, wadda aka kafa a 2015. A can ake horar da magatakarda ma. Mai son zurfafa fiƙihu yana da Jami'ar Musulunci ta Sayi. Hanya ce mai tsawo, kuma tana cin kuɗi, amma ba a rufe ta ga ɗan talaka ba.

'Ya'ya mata na fi yi wa kwaɗayin wannan aiki. Akwai maganar da bazawara ba za ta iya faɗa a gaban maza ba, amma za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Yarinyar da aka cire daga lakwal tana aji biyar ba za ta taɓa zama a kujerar alƙali ba. Wanda bai yi nisa a boko ba shi ma yana da wurinsa: mai karatun yaƙi da jahilci da ya iya karanta rana da lamba a jikin sammaci, ya raka maƙwabciyarsa kotu, ya yi aiki babba.

Aikin aji

A ce alƙali ya yanka jika 8 a wata don yara biyu. Uba ya biya wata uku, ya tsaya wata biyar. Nawa ya biya? Nawa ake bin sa? Nawa ne kuɗin shekara guda?

Kowa ya ja layi uku a littafinsa, ya rubuta a sama: rana, abin da aka kawo, wanda ya shaida. Sannan ya rubuta sunayen 'ya'yansa, ya sa alama a gaban wanda ba ya da takardar haihuwa. Duk wanda ya sami alama ko ɗaya ce, ya je meri cikin makon nan ya tambayi yadda za a yi, ya zo ya faɗa wa aji abin da aka ce masa.