Haƙuri a Cikin Mota, Magana a Tasha

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Dambatta ke ci, ba a rasa rigimar direba da fasinja a kan titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Kazaure zuwa Daura. Haka abin yake a titin Katsina, tsakanin Dawanau da Bichi da Tsanyawa. Mota ƙirar Golf ce ko Sharon, mutum biyu a gidan gaba, huɗu a kujerar baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda buhunan gero. An yi ciniki kafin a tashi, sai an yi nisa direba ya ce kuɗin kaya daban ne. Ko kuma ya taka mota, waya a kunne, wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ka yi a hankali," ya juyo ya ce in tana da gaggawar mutuwa ta sauka. Abin da ke biyo baya ɗayan biyu ne: ko a kaure da cacar baki mota na gudu, ko kowa ya haɗiye, a sauka a ce Allah ya isa a kama hanyar gida. A ganina duka biyun kuskure ne, domin an sa kowanne a inda bai dace ba. Haƙuri na cikin mota ne. Magana kuwa wurinta tasha, kuma ya kamata a yi ta.

Dalilin haƙurin cikin mota ba tsoro ba ne, lissafi ne. Muddin taya na juyawa, ran kowa yana hannun wanda ke riƙe da sitiyari, kuma direban da aka harzuƙa a kan totur yake huce haushinsa. Titunan arewacin Kano ba daji suka ratsa ba. Ƙauye ne ke bin ƙauye, gona ta zo har bakin kwalta, ga amalanken shanu, ga yara 'yan talla, ga mai babur da zai faɗo titi daga burtali ba tare da ya duba ba. Direban da ya waiwayo don ya rama zagi, daƙiƙa biyu sun ishe shi ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Don haka idan za a yi magana, mutum ɗaya ya yi ta, wanda ya fi kowa shekaru ko kwarjini, da murya a ƙasa: "Malam direba, don Allah a rage gudu, akwai mata da yara." Kada a taru masa, kada a sako iyayensa, kada a kai hannu jikinsa ko ga makulli. Idan bai ji ba, ko an ga ido ya kaɗa, harshe yana karyewa, alamar ya sha wani abu, shawarar ita ce a sauka. Amma a zaɓi wurin sauka: gari na gaba, inda akwai mai shayi da jama'a da wata motar da za a iya samu. Kada fushi ya sa mutum ya ce a sauke shi a nan take tsakanin gonaki, musamman da damina lokacin da dawa ta rufe gefen hanya, ko bayan magariba. Mace da ke tafiya ita kaɗai ta fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Idan ɗari biyu ko ɗari uku ne ake jayayya a kai, a biya a gaban shaidu, a ce an biya ba da yarda ba. Kuɗi suna iya dawowa a tasha.

Rabin wannan rigima ana kashe ta tun kafin a shiga mota. A yanke kuɗin kujera da na kaya a lokaci guda, a faɗa da ƙarfi ɗan kamasho yana ji, kuma a ambaci ainihin inda za a sauka, domin "Bichi" a bakin direba yana iya zama bakin titi, a bakin fasinja kuma cikin gari. Motar bakin hanya ta fi arha, wannan gaskiya ne, amma ragin da ake samu kuɗin wani abu ne da aka sarayar: motar da ta yi lodi a tasha akwai waɗanda suka san direbanta, wadda aka tsayar a hanya kuwa babu mai tsaya maka a kanta. Mutanen ƙauyuka da dama a Kunchi ko Makoɗa ko Ɓagwai ba su da zaɓi, duk motar da ta tsaya ita ce tasu. To ko a nan tambaya ɗaya tana da amfani, a yi ta cikin raha: "A wace tasha kake lodi?"

Mafi yawan ƙorafe-ƙorafe suna mutuwa ne saboda mai ƙara bai riƙe komai ba sai ɓacin rai. "Wani direba mai jar Golf" ba ƙara ba ce, jajayen Golf sun yi yawa. Abin da ake so shi ne lambar mota. Motar haya a Najeriya rubutun lambarta ja ne, ta gida shuɗi, ta gwamnati kore, kuma motar da ke ɗaukar fasinja da shuɗiyar lamba ita kanta abin lura ce. Mai waya ya ɗauki hoton lambar kafin ya shiga ko bayan ya sauka, ba ya ɗora wa direba waya a fuska ana tsakiyar faɗa ba, don wannan shi ke kai ga fasa waya da doke-doke. Wanda bai iya karatun boko ba ya roƙi wani ɗalibi a cikin motar ya rubuta masa a takarda, ko ya riƙe abin da ya fi lamba saurin gano mutum a tasha: laƙabin da 'yan kamasho ke kiran direban da shi, da rubutu ko hoton da ke manne a gilashin baya. A haɗa da rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da lambar wayar fasinja ɗaya ko biyu da suka yarda su ba da shaida.

Sai inda za a kai magana, kuma a nan ne mutane ke ɓata, su ɗauki ƙaramin abu su kai babban wuri ko su ɗauki babba su bar shi a hannun 'yan sulhu. Zagi, ƙarin kuɗi a hanya, sauke fasinja kafin a isa, ɓatan kaya ko lalata su, duk waɗannan na ofishin ƙungiyar direbobi ne, wato reshen NURTW na tashar da motar ke lodi. Ƙungiyar tana nan tun 1978, kuma ƙarfinta a kan direba ya fi na kowace hukuma kusa, saboda abu ɗaya: layi. Direba da layi yake ci. Idan ciyaman ya ce an dakatar da shi daga lodi na wasu kwanaki, asarar ta fi kowace tara ciwo, ga kunyar a kira shi a gaban abokan sana'a. Tuƙin ganganci kuwa, gudu da lodin da ya wuce kima da waya a kunne, aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne, FRSC, wadda aka kafa a 1988, kuma lambarta ta gaggawa ita ce 122, kyauta. Ƙa'idar hanya ta ba tasi da bas kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babban titi. Jadawalin tarar da ke cikin dokar hukumar ta 2007 ya sa naira 10,000 a kan lodin wuce kima, 4,000 a kan waya, 50,000 a kan tuƙi mai haɗari. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2012, ita ma tana da hurumi, ko da yake an fi ganin jami'anta a cikin birni da mashigansa. Idan kuwa hannu ya taɓa jiki, ko an zare wuƙa ko ƙarfen taya, ko an tafi da kayan mutum da gangan, magana ta tashi daga rashin ladabi ta koma laifi. A fara da asibiti idan akwai rauni, a karɓi takarda, sannan ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma. Lambar 112 ta gaggawa ce ta ƙasa baki ɗaya. Macen da aka yi wa maganar batsa ko aka taɓa tana iya farawa da ofishin Hisba, tare da mijinta ko yayanta idan hakan zai sauƙaƙa mata, amma kada a bari a rufe irin wannan da "a yi haƙuri" kawai.

Za a ce ai ƙungiya tasu ce, ɗan'uwansu ba za su ba shi rashin gaskiya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Shugabannin reshe direbobi ne ko tsofaffin direbobi, kuɗin da ke riƙe ofis daga aljihun direbobi yake fitowa, kuma babu wanda zai ce kowace tasha adalci ake yi. Amma a duba muradin tashar kanta. Abokiyar gabarta ita ce motar bakin hanya da ke kwashe mata fasinja, kuma abin da kawai take sayarwa wanda waccan ba ta da shi shi ne amana: ka shiga a nan, in an cuce ka akwai wurin dawowa. Tashar da ta saba korar masu ƙara tana karya kasuwarta da hannunta, shugabanni masu hankali kuma sun san haka. Sannan direban da ke zagin fasinja galibi shi ne mai tsallake layi da faɗa da 'yan kamasho, don haka sau da yawa mai ƙara zai tarar an daɗe ana neman hujja a kansa. Idan reshe ya yi kunnen ƙashi, akwai ofishin jiha a Kano sama da shi, kuma ambaton cewa za a je can yakan sa a gyara zama.

Za a kuma ce a tausaya wa direba, wuya ce ta yi masa yawa. Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Da yawan direbobi motar ba tasu ba ce, akwai balas ɗin da mai mota ke jira kowace yamma, ga kuɗin tasha, ga na shingayen hanya, ga kayan gyara da suka yi tsada. Mutum na biyu a gidan gaba daga wannan lissafin ya fito. Amma matsin ya bayyana tsadar kujera ne, bai halatta zagin tsohuwa ba. Manomin da ke zaune a baya shi ma taki ya fi ƙarfinsa, bai zagi kowa ba. Kuma a tasha ɗaya, a farashin mai ɗaya, akwai direbobin da suka shekara ashirin ba a taɓa jin kansu da fasinja ba. Idan aka yi shiru ga mai tsiwa da sunan tausayi, waɗannan ne aka zalunta, domin shi ya yi sawu uku da gudu su suna kan na biyu.

Hujja ta uku ita ce ta fi ɗaure mutanen karkara, kuma ba a cika faɗinta a fili ba. Direban ɗan gari ne. Ƙanin surukin wani ne, gonarsu na iyaka da taku, gobe da daddare idan naƙuda ta zo shi za a buga wa ƙofa. Kai ƙararsa sai ya zama kamar neman raba shi da abincinsa. Ba na raina wannan, kuma shi ya sa a irin wannan hali matakin farko ba tasha ba ne, gida ne: a sami mahaifinsa ko mai motar, ko mai unguwa, ko dagaci idan abin ya maimaitu. Mai mota musamman yana da dalilin sauraro, don motarsa ake karyawa. Abin da ba daidai ba shi ne zumunci ya zama dalilin yin shiru gaba ɗaya, alhali waɗanda zai ɗauka gobe su ma 'yan garin ne, har da 'ya'yan mai yin shirun.

Idan an tashi kai ƙara tasha, a je da wuri, a ranar ko washegari, kafin shaidu su watse. A je mutum biyu, a yi sallama, a nemi ciyaman ko sakatare, kada a tsaya ana ba 'yan kamasho labari a bakin ƙofa. A faɗi abin da ya faru a taƙaice ba ƙari, domin ƙari ɗaya da direba ya ƙaryata yakan rushe sauran gaskiyar. A faɗi abin da ake nema ƙarara: a dawo da kuɗi, a biya buhun da ya fashe, a ba dattijuwar da aka zaga haƙuri a gaban mutane, ko a ja masa kunne kan gudu. A roƙa a rubuta ƙarar, a tambayi ranar da za a dawo. Hoton direba da aka watsa a Facebook ko WhatsApp da zagi a ƙasa yana iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna a kan wanda ya watsa, don haka hoton lamba ya zauna a waya, a nuna shi ga ciyaman ko jami'in da ke karɓar ƙara.