Wayar Ɗalibi Kayan Karatu Ce

Wannan takarda domin iyaye ce da malamai da ɗalibai na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Mai karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yankinmu ba baƙo ba ne ga ilimin zamani. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga makarantar koyon kwamfuta da gwamnatin Jigawa ta kafa a garin tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Ɓaɓura. Wasu 'ya'yanmu suna Dutse, wasu Kafin Hausa, wasu Jami'ar Bayero ta Kano. Duk inda yaro yake a cikinsu, karatunsa ya rataya a kan waya. Ta nan yake rajista, ta nan yake biyan kuɗin makaranta, ta nan yake duba sakamako. Malami ya ɗage lacca, a zauren WhatsApp na aji za a sanar. Wanda ba shi da babbar waya sai ya je aji ya tarar da kujeru.

To, iyaye, ku saurara. Idan yaro ya ce yana bukatar waya, kada a yi saurin cewa gayu yake so. Ba sai mai tsada ba. A duba abu uku: batir mai riƙe caji, wurin ajiya mai yalwa, da fuska mai faɗin da za a iya karatu ba tare da ido ya gaji ba. Ta hannu ma, in lafiyarta ƙalau, ta wadatar. Kuma 'ya mace ta fi bukatar a kula da wannan, domin sau da yawa yayanta ake saya wa, ita a ce ta riƙa ara. Mai aron waya ba ya karatun dare.

Sai dai sayen waya shi ne mai sauƙi. Wahalar tana ga caji da data da sabis. Ɗalibin da ya dawo hutu ƙauye a ƙasar Gwiwa ko Roni ya san wannan: wuta ba tabbas, sai a kai wa mai caji a biya, sabis kuma sai an nemi tudu. Mun gani a 2020 da korona ta rufe makarantu, mun sake gani a 2022 da malaman jami'a suka shafe wata takwas suna yajin aiki. Wanda ya tafi gida da littattafai a wayarsa bai yanke karatu ba.

Dabarar ke nan, ya kai ɗalibi. Kafin ka bar makaranta, sauke duk abin da za ka bukata: takardun lacca, tambayoyin shekarun baya, ƙamus mai aiki ba intanet. Ka raba su fanni-fanni, ka sa wa kowanne suna. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ɗaya ya sauke ya tura wa saura ta Xender, ba a taɓa datar kowa ba. Lokacin karatu kuwa ka kashe data gaba ɗaya. Bidiyon barkwanci na rabin sa'a yana cin abin da zai sauke littattafai da yawa, ga lokacin da ya tafi. Amsar da ka kwafo daga intanet ba ka fahimta ba, ranar jarrabawa ba ta shiga ɗaki da kai, don a ƙofa ake ajiye waya.

Malamai ma da nasu. Wanda zai tura darasi ya tuna da mai ƙaramin ƙarfi. Rubutu ya fi hoto sauƙin saukewa, saƙon murya na minti biyar ya fi dogon bidiyo. A tura da wuri, kada a ce a kawo aiki cikin dare ɗaya.

Masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari kuma, in ana neman aikin lada mai arha, a sa sola a ɗakin karatu ko makarantar unguwa, a jera wuraren caji, a bar ɗalibai su yi kyauta lokacin hutu.