Mahaifi Ya Rasu da Bashi, Bai Bar Wasiyya Ba: Me Ya Kamata Magada Su Yi?

Jama'a, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka ba abin kunya ba ne mahaifi ya koma ga Allah ana binsa. Abin kunya shi ne 'ya'ya su wawashe abin da ya bari, mai haƙƙi yana tsaye a ƙofar gida. Ku sani, babu gado sai bayan biyan bashi.

Me ake fara fitarwa?

Rashin wasiyya ba ya hana komai, domin Alƙur'ani ya riga ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. A mazhabar Malikiyya ga yadda ake bi:

1. Haƙƙin da ya rataya a kan wata kadara, kamar gonar da aka jinginar.
2. Kuɗin likkafani da binnewa, ba tare da almubazzaranci ba.
3. Basussuka.
4. Wasiyya idan akwai, kada ta wuce sulusi.
5. Abin da ya rage, shi ne na magada.

Ko tumunin matar mamaci ba ya fita sai an kai mataki na biyar. Amma in akwai ragowar sadakinta da bai biya ba, wannan bashi ne, tare da masu bin bashi za ta karɓa.

Matakan da za a bi

Da farko a yi shela a wurin jana'iza da zaman makoki cewa duk mai bin marigayi, ko wanda marigayi ke bi, ya zo ya ga wane. Sai a zaɓi mutum ɗaya mai amana, ya rubuta dukiyar duka a gaban shaidu: gida, gona, dabbobi, kayan shago, kuɗin banki. A ware ajiyar mutane da kuɗin adashi da ke hannunsa, domin ba nasa ba ne. Kada kowa ya sayar da ko akuya, kada kuma a kwashi dukiyar a yi sadakar uku ko ta arba'in da ita, balle in akwai marayu.

Ba duk wanda ya ce yana bi ake ba shi ba. Sai ya kawo takarda ko shaidu, alƙali kuma ya rantsar da shi cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Bashin da lokacin biyansa bai yi ba, mutuwa ta kawo lokacinsa.

A Nijeriya banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar izini daga kotu. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai.

Idan bashi ya fi dukiya fa?

Sai a raba abin da ke akwai gwargwadon abin da kowa ke bi. Misali, an bar naira 600,000, wani yana bin 400,000, wani 800,000. Na farko zai sami 200,000, na biyu 400,000, wato kowa rabin haƙƙinsa. Magada ba su da komai, amma ba a tilasta musu su cika daga aljihunsu, sai wanda ya tsaya wa mahaifin lamuni. Duk da haka, ɗa na gari yakan biya ko ya roƙi yafiya. Ku tuna, Annabi (SAW) ya dakata da sallatar wani mamaci mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

In kuwa an yi gaggawar rabo, daga baya mai bin bashi ya zo da hujja, za a karɓo daga hannun magada.

Ya kai mai karatu, in rigima ta taso, a je wurin malamin da ya san ilmin gado ko Kotun Shari'a tun zumunci bai lalace ba. Kai kuma da kake raye, rubuta abin da ake binka da wanda kake bi, ka kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sauke musu nauyi.