Me Ya Sa Ba Duk Motocin Sojoji Ke Da Sulke Ba?

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan yana tambaya: me ya sa sojojin da ke sintiri a hanyar Kagoro suke yawo a buɗaɗɗun motoci?

To Malam, kuɗi ne da nauyi. Albashi ke cinye kaso mai tsoka na kasafin tsaron da Majalisar Tarayya ke amincewa da shi. Sannan ƙarfen sulke yana danne mota, sai an ƙarfafa birki da tayoyi da inji, ga shan mai. Kamfanin DICON na Kaduna ya ƙera mota mai sulke, Ezugwu, aka ƙaddamar da ita a 2019, sai dai ba ta wadata ba. Abin damuwa ne ƙwarai, domin sojan da ke bayan akori-kura ba shi da kariya idan an yi masa kwanton ɓauna.