Darasi: Yadda Sanyi ke Kare Ƙwaƙwalwa a Tiyatar Babban Kumburin Jijiya

Mazauna Idles da matafiyan da ke ratsa tsaunukan Ahaggar tsakanin Agadas da Tamanrasat sun san cewa sanyin hunturu kan kashe wanda ya kwana a fili. Amma a ɗakin tiyata, likitan sa barci yakan yi amfani da sanyi don ceton rai.

Wani lokaci bangon jijiyar jini a ƙwaƙwalwa yakan yi rauni, ya kumbura kamar salka. Idan faɗinsa ya kai milimita 25, ana kiransa babban kumburi, kuma ɗaure shi yana da wuya muddin jini na bugawa a ciki.

Bayan majiyyaci ya yi barci mai zurfi, sai a haɗa jijiyoyin cinyarsa da na'urar da ke aikin zuciya da huhu, a ba shi heparin don kada jini ya daskare. Na'urar takan sauke zafin jiki daga digiri 37 zuwa kimanin 18. Duk digiri ɗaya da ya sauka, buƙatar ƙwaƙwalwa ga iskar oksijin takan ragu da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Daga nan sai a tsayar da zagayen jini, kumburin ya saki, likitan tiyata ya matse bakinsa da ɗan makama na ƙarfe. Likitan sa barci ne ke lura da agogo, domin haɗari yakan ƙaru idan tsayawar ta wuce minti 30. A ƙarshe a ɗumama jiki sannu a hankali, a ba da protamin don jini ya koma daskarewa.

An fara wannan aiki a Amurka wajen shekarar 1960. Yau ba kasafai ake yinsa ba, domin ana iya gyara kumburi da yawa ta cikin jijiya.

Abin lura: manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, irin su Ait Idir na birnin Aljiyas, suna da nisan kusan kilomita 2,000 daga Tamanrasat. Saboda haka, duk wanda ciwon kai mai tsanani ya afka wa farat ɗaya, tare da amai, sanƙarewar wuya ko faɗuwar fatar ido, a garzaya da shi asibiti nan take. Mai hawan jini ya riƙa auna jininsa, ya sha maganinsa, ya bar taba.