Darasi: Yadda Za Mu Tsara Taimako Ya Isa Gidan Da Ya Fi Buƙata

'Yar uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi taimakon iyalai masu rauni a ƙauyukanmu. Falalar sadaka mun sha jin ta a Islamiyya. Yau tsarin rabon za mu duba.

Ki tuna yadda ake yi da azumi. Ƙungiyar mata ta raba gero da sukari, kwamitin masallaci ya raba nasa, wani ɗan gari da ke birni ya aiko da shinkafa. Gidan da ke bakin kasuwa, wanda kowa ya sani, ya samu sau uku. Ita kuwa mai takaba da ke bayan gari da marayunta ba wanda ya tuna da ita, don ba ta fita, kuma kunya ba za ta bar ta ta aika roƙo ba. To kin ga, abincin ya isa kowa, tsari ne babu.

Tsarin nan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani, wato littafin sunayen masu karɓa daga baitulmali, har jarirai ya yanka wa rabo. A ƙasar Hausa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji, kowace jaji tana jagorantar matan yankinta. Da haka karatu ya shiga ƙauyukan da ita kanta ba ta taka ba. Ga matakai biyar da za mu bi.

Na farko, a zauna wuri ɗaya. Amirar ƙungiya ta nemi zama da liman, da dagaci ko mai unguwa, da ma'aikaciyar asibitin garin, da shugaban makaranta, da unguwar zoma. Kowannensu ya san wani abu da sauran ba su sani ba. Unguwar zoma ta san gidan da mai jego ba ta samun ko kunun kanwa, malami ya san yaron da ya daina zuwa aji. Ke ma ki sanar da maigida kafin ki shiga aikin, don goyon bayansa zai sauƙaƙa miki.

Na biyu, a buɗe littafi ɗaya. Kowace unguwa ko ruga a ba ta mace ɗaya amintacciya. Ta rubuta gidan, da yawan yara, da abin da ke damunsu, da abin da aka ba su da ranar da aka bayar. Duk mai son rabo ya fara tambayar mai riƙe da littafin.

Na uku, a bambance buƙata, don ba kowace matsala ce mudun hatsi ke magancewa ba. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ana zargin tamowa ce. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsensa, in bai kai santimita 11.5 ba ya shiga haɗari, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Mai ciki a raka ta awo. Maraya a mayar da shi makaranta. Bazawara mai lafiya kuwa jarin ƙuli-ƙuli ko daddawa, ko 'yar akuya, ya fi mata amfani a kan kyautar yini ɗaya.

Na huɗu, a lura da lokaci. Yunwa a karkara ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba. Zakkar hatsi kuma da kaka take fita. Nisabinta awsuƙi 5 ne, kimanin kilo 650, ana fitar da ɗaya cikin 10 a noman damina, ɗaya cikin 20 in da wahala aka yi ban ruwa. Zakka ba a ɓoye ta a jira wata shida, sai a miƙa ta ga masu ita, waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma a mazhabar Malikiyya mabuƙatan wurin da aka fitar da ita su ne kan gaba. Abin da ƙungiya za ta adana shi ne sadaka. Kowace 'yar ƙungiya ta kawo mudu ɗaya ko biyu da kaka, lokacin da hatsi ke araha, a ajiye sai tsakiyar damina.

Na biyar, a rufa asiri. Littafin nan amana ne, mutum biyu kaɗai su riƙe shi. Ban da jera mata a rana ana ɗaukar su hoto ana turawa a WhatsApp. Ban da kai labarin gidan wata wurin biki. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Wallahi wata ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce an yi da ita a gari.

Aikin gida: kafin ta'alimi mai zuwa, ki yi tunanin gidaje uku a unguwarku da ba ki taɓa ganin an kai musu komai ba. Ki ziyarce su da sunan zumunci, sannan ki sanar da amira a keɓe.

Allah Ya sa mu cikin masu share hawayen marayu, Ya karɓi ɗan abin da muke yi. Amin. Wassalamu alaikum.